Rami, turke, wuta, taya ko jak: wace hanya ta dace da ƙera sulke da fallen silba?

Maƙerin da ya saba da baƙin ƙarfe, ranar da ya fara ɗora guduma a kan fallen silba yakan zaci hannunsa ne ya mutu. Bugun farko ƙarfen yana bi, can gaba ya fara gardama, kafin a jima guduma na dawowa kamar a kan dutse ake sauke ta. Halin ƙarfen ke nan: duk inda aka dake shi a sanyi sai wurin ya ƙara tauri, har ya kai matsayin da ba zai sake miƙewa ba sai dai ya tsage. Duk wata muhawara kan kayan aiki a wannan sana'a daga wannan hali ta samo tushe.

Silba a nan ba azurfa ake nufi ba, ƙarfen nan ne mara tsatsa da ake kwanuka da cokula da shi. Sulke kuwa a asali rigar zobba ce, irin wadda Dixon Denham ya gani jikin mahayan Shehun Borno a 1823, amma maganarmu a kan na faranti ce: kwalkwali, farantin ƙirji, murfin kafaɗa, na gwiwa da na dantse. Manyan maƙeran wannan fanni na ƙarni na 15, irin gidan Missaglia a Milan da gidan Helmschmied a Augsburg, ba su taɓa ganin silba ba, domin sai a 1913 Harry Brearley ya narka shi a Sheffield. Dabarunsu ake bi har yau, sai dai ƙarfen ya fi nasu taurin kai. Masu nemansa yanzu su ne mahayan hawan sallah, masu shirya fim, da masu wasan faɗa da makaman da a Turai da Amurka. A sani tun yanzu cewa falle mai kaurin da ake sulke da shi ba ya tare harsashi.

Abin da za a auna kowace hanya da shi

Ma'auni na farko, wanda ya rinjayi sauran, shi ne zurfin abin da za a ƙera. Farantin ƙirji kamar faifai yake, lanƙwasarsa kaɗan ce. Murfin kafaɗa kamar ƙoƙo. Murfin gwiwa ya fi shi zurfi, kwalkwali kuwa akushi ne sosai. Hanyar da ke fitar da faifai cikin sa'a guda tana iya kasa fitar da akushi ko da za a shekara.

Na biyu kaurin da ya rage bayan an gama. Idan aka miƙa da'ira ta zama rabin ƙwallo ba tare da bakinta ya shigo ciki ba, faɗin fuskar ya ninka biyu, saboda haka kaurin ya ragu zuwa rabi. A aikace bakin yakan ɗan shigo, asarar ba ta kai haka ba, amma inda ya fi sirancewa shi ne tsakiya, wato daidai tsakar ka.

Sai kuɗi, kuma iri biyu ne: na sayen kaya sau ɗaya, da na yau da kullum kamar gas, faifan yanka da man janareta. Sai ƙarkon kayan aikin, da tsawon lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya faɗa, da haɗari ga jiki. Akwai kuma tambayar da mutane ke mantawa da ita sai sun kashe kuɗi: guda nawa za a ƙera? Ɗaya ne don kai, ko talatin iri ɗaya don tawaga?

Kafin kaya, a zaɓi falle

Silba iri-iri ce, da lamba ake bambanta ta. Lamba 304 ita ce ta kowa. Tana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel, tana miƙewa da kashi 40 ko fiye kafin ta tsinke idan tana da laushinta na kamfani, kuma tana karɓar walda. Lamba 201 ta fi araha saboda an rage nikel an cike da manganis. A ido ba ta da bambanci da 304, amma ta fi saurin tauri a ƙarƙashin guduma kuma gumi yana yi mata tabo. Mayen ƙarfe ba ya raba su, don duk biyun ba ya kama su sosai, kuma 304 ɗin ma da zarar an dake ta takan fara ɗan kama shi. A nemi lambar da ke buge a jikin fallen ko a ledarsa. Lamba 430 mayen ƙarfe na kama ta, ba ta saurin tauri, amma ba ta miƙewa da nisa, saboda haka ta aikin da ba shi da zurfi ce. Lamba 420 ita ce ake iya ƙara wa tauri da wuta kamar wuƙa, kuma ba ta mai koyo ba ce: idan aka ɗumama ta aka bari ta huce a iska sai ta taurare da kanta, bugu na gaba ta fashe.

Kauri kuwa: geji 20 kusan milimita 0.9 ne, geji 18 kusan 1.2, geji 16 kusan 1.5, geji 14 kusan 2. Murabba'in mita ɗaya mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 8 ko kusa da haka, saboda haka farantin ƙirji na geji 18 zai zo wajen kilo 2, cikakken falle mai ƙafa 4 da 8 kuwa wajen kilo 28. Na ado da fim, 0.9 zuwa 1.2 ya wadatar. Wanda za a buga da gaske, kwalkwalinsa daga milimita 2 yake farawa, kuma kowace ƙungiyar wasa tana da nata ƙa'idar kauri.

Hanya ta ɗaya: lotsawa a cikin rami

Ana ɗora falle a kan rami mara zurfi ana dukansa daga ciki da guduma mai zagayayyen kai har ya lotsa. Ramin na iya zama a kan kututturen itace mai tauri irin ƙirya ko tsamiya, faɗinsa santimita 10 zuwa 15, zurfinsa 2 zuwa 3. Cikin turmi ya yi zurfi da yawa, amma idan aka kifa tsohon turmi aka sassaƙe rami a gindinsa an sami abin aiki. Guduma ta kai kilo 1 zuwa 1.5, a goge fuskarta da samfefa ta yi sumul, domin duk wani ƙurji da ke jikinta sai ya fito a jikin aikin sau ɗari.

Ana farawa daga kusan santimita 2 da baki, a zagaya, kowane bugu ya hau rabin wanda ya gabace shi, a riƙa matsowa tsakiya. Mai gaggawa yakan fara da tsakiya saboda nan ne ya fi saurin lotsawa, sai ya tarar tsakiyar ta sirance ta taurare alhali gefe bai motsa ba. Baki zai fara tattarewa kamar bakin zane. Da an ga tattarar a kwantar da ita nan take a kan uwar maƙera, don idan ta ninke ta hau kanta, wurin tsagewa zai yi. Kuma tun kafin bugun farko a bi bakin fallen da magagari, saboda ƙaramin tsagin da almakashi ya bari shi ne ke zama babbar ɓaraka.

Matsalar itace da silba ita ce itacen yana shanye ƙarfin bugun. A geji 20 da 18 babu damuwa, amma daga geji 16 zuwa mafi kauri ramin ƙarfe ya fi. Wasu suna yanko gindin tsohon tulun iskar oksijin, wanda dama a lotse yake. Wannan sai an cire bawul an cika tulun da ruwa tukuna, kuma ko kusa kada a taɓa tulun asitilin, wato gas ɗin masu walda, domin cikinsa cike yake da wani abu mai shan ruwa da aka jiƙa da sinadari mai kama wuta. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne guntun bututu mai kaurin jiki, a goge bakinsa ya zama zagaye.

Abin da rami ke fitarwa ƙulu-ƙulu ne kamar buhun dankali, sai an bi da daɓe: a kifa aikin a kan ƙwallon ƙarfe mai santsi, a bi shi daga waje da ƙaramar guduma mai shafaffen kai, giram 300 zuwa 500, bugu kusa da bugu. Idan aka shafe wajen da alƙalamin maka sannan aka ɗan goga samfefa, tudu zai yi fari, kwari ya zauna da baƙinsa, sai a san inda ya rage. Daɓe yakan ci lokaci fiye da lotsawar kanta, kuma kowace hanya aka bi sai an zo kansa.

Kuɗin farawa bai kai na falle guda ba idan an haɗa kayan daga 'yan gwangwan. Ramin itace yana ƙara faɗi da amfani sai a sassaƙa wani, na ƙarfe kuwa har jikoki. Haɗarinta ga kunne ne da gwiwar hannu, don silba na da ƙara mai ratsa ƙwaƙwalwa.

Hanya ta biyu: tayarwa a kan turke

Wannan kishiyar ta farko ce. A maimakon a miƙa tsakiya, gefe ake matsewa. Ana jingina fallen a karkace a kan turken ƙarfe mai zagayayyen kai, a buga daga waje da guduma mai siririn baki, ɗan sama kaɗan da inda fallen ya taɓa turken, ta yadda ƙarfen zai kwanta cikin iskar da ke tsakani. Ana zana da'irori a jikin fallen, tazarar santimita 1 zuwa 1.5, a bi su ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya zuwa baki. Zagaye ɗaya yana ɗaga bangon kaɗan ne kawai, sai a koma tsakiya a sake. Faɗin da'irar da za a yanka shi ne faɗin abin da ake so a haɗa da zurfinsa: kwalkwali mai faɗin santimita 22 da zurfin 13 yana son da'ira ta kusan 35.

Ladanta shi ne kauri ba ya raguwa, baki ma ƙara kauri yake yi, kuma babu iyaka ga zurfi. Haka aka ƙera kwalkwalin falle ɗaya na Italiya da Jamus. Turken ba shi da tsada, tsohon aksul na babbar mota da aka goge kansa ya isa, kuma ba ya mutuwa. Tsadar tana cikin lokaci. Ita ce hanyar da ta fi wuyar koyo, kuma a kan silba mai sanyi azaba ce, domin bayan kowane zagaye ɗaya ko biyu sai an mayar da ƙarfen wuta ya yi laushi. Wanda ya ƙi yin haka zai ga tsagogi sun taso daga baki sun nufo ciki. A ganina babu dalilin da zai sa mutum ya fara koyon tayarwa a kan silba. Ya ɓata fallayen baƙin ƙarfe ko na jan ƙarfe tukuna.

Hanya ta uku: aiki da wuta

Wuta tana shiga ta fuska biyu. Ta farko mayar da laushi: a kai 304 zafin digiri 1010 zuwa 1120, wato ta wuce ja ta zama ruwan lemo mai haske, sannan a tsoma ta a ruwa nan take. Nan ne maƙeran gargajiya ke ruɗewa, don sun saba tsomawa a ruwa tauri take sa wa sifirin mota. A 304 ba haka ba ne, tsomawar ba ta ƙara mata tauri, tana dai hana ta daɗewa a tsakanin digiri 425 da 860. A wannan tsakanin kuromiyam yana haɗuwa da kabon da ke cikin ƙarfen, wurin ya rasa kariyarsa, bayan wata biyu a ga tsatsa a jikin abin da aka sayar da sunan ba ya tsatsa. Lamba 304L, mai kabon da bai wuce kashi 0.03 ba, ta fi jure wannan.

Fuska ta biyu ita ce a buga ƙarfen da zafinsa. Ana ɗumama wuri kamar faɗin tafin hannu da wutar gas ta masu walda, a ajiye tocin a buga, a sake ɗumamawa. Falle siriri yana hucewa cikin daƙiƙoƙi, saboda haka aikin mutum biyu ne, ɗaya da wuta ɗaya da guduma, ko a yi wa tocin maratayi kusa da hannu. Da launin ya koma ja mai duhu a dakata. Abu ɗaya da ke taimakawa shi ne silba ba ya watsa zafi kamar baƙin ƙarfe, kusan kashi ɗaya cikin uku ne na saurinsa, don haka zafin yana tsayawa inda aka sa shi. Harshen wutar ya zama daidaitacce, don idan asitilin ya yi yawa kabon yake ɗura wa ƙarfen. Murhun gawayi da zuga-zugi zai iya kai zafin, amma yana da wuya ya ɗumama falle mai faɗi bai ɗaya, gefe na ƙonewa tsakiya ba ta nuna ba.

Da wuta, tayar da kwalkwali na milimita 2 ya zama abin da hannu zai iya. Farashin shi ne gas, wanda ake saye kullum, da baƙin ɓawon da wuta ke bari, mai taurin da sai an ci faifan goge da yawa kafin a ga farin ƙarfe. Akwai man sinadari da ake shafawa ya cinye ɓawon, amma yana ɗauke da asid ɗin haidirofulorik mai ratsa fata ya kai ƙashi, kuma bai kamata ya shiga ƙaramin shago ba. Tocin ya kasance da abin hana wuta komawa cikin tiyo. Tulun kabayid na haɗin gida ya fi kowane abu a wannan jeri haɗari.

Hanya ta huɗu: tayar Ingila

Firam ne mai siffar baka, da babbar taya shafaffiya a sama da ƙarama mai doro a ƙasa. Ana tura falle gaba da baya a tsakaninsu yana miƙewa a hankali. Daga masu jikin mota da jirgin sama ta fito, kuma aikin da ta iya ke nan: lanƙwasa mai faɗi mara zurfi, mai santsin da kusan ba ya buƙatar daɓe. Ga farantin ƙirji da na baya da garkuwa babu kamarta, ba ta ƙara, ba ta son lantarki. Amma ba ta shiga lungu, kwalkwali da murfin gwiwa sun fi ƙarfinta. A kan silba kuma, daga milimita 1.2 zuwa sama, firam mara nauyi buɗewa yake yi maimakon ya matse ƙarfen. Mai walda zai iya haɗa firam da bututu mai kusurwa huɗu mai kaurin jiki, tayoyin ne dole mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da su a ƙara musu tauri, kuma nan kuɗin yake. Tana cin yatsa idan hankali ya tafi wani wuri.

Hanya ta biyar: matsewa da jak

Jak ɗin mota mai tan 20 a cikin firam na ƙarfen gini, zobe a ƙasa, ƙwallo ko curin ƙarfe a sama. Ana matsa falle kaɗan, a saki, a juya shi, a sake matsawa. Lotsawa ce dai irin ta rami, da dukkan illarta ta sirantar da tsakiya, sai dai jak ne ke wahalar a madadin kafaɗa, kuma saboda matsa ɗaya tana yin aikin bugu da yawa, fuskar ba ta yin ƙulu-ƙulu sosai. A shafa mai a bakin zoben, don silba yana da halin manne wa ƙarfe yana kartar kansa. A kuma tuna cewa yana ɗan komawa idan an saki, fiye da baƙin ƙarfe, saboda haka curin ya fi siffar da ake so ɗan tsini.

Kuskuren da aka fi yi shi ne son a gama da matsa ɗaya. Bakin fallen zai tattare gaba ɗaya, sai fa in an danne shi da wani zobe mai kusoshi, wanda shi kuma yana ƙara jan tsakiya. Kowace siffa tana son curinta da zobenta, don haka guda ɗaya ba ya mayar da kuɗi, guda ashirin kuwa suna mayarwa. Jak yakan fara yoyon mai, gyaransa ba wuya. Haɗarin shi ne abin da zai kuɓuce a ƙarƙashin tan 20: curin da bai zauna daidai tsakiya ba harbawa yake yi, walda mara kyau a firam kuma ba ta sallama kafin ta ɓalle.

Hanya ta shida: a raba, a lotsa, a haɗa

Wannan dabarar kauce wa zurfi ce ɗungum. Kwalkwali ɗaya mai zurfi ana raba shi gida biyu ko huɗu, kowane yanki ya zama ɗan ƙoƙo da rami zai fitar a sanyi ba tare da an nemi wuta ba. Ba sabon abu ba ne, kwalkwalin Turai na ƙarni na 6 da yawa haka aka yi su, faranti huɗu ko shida a cikin maɗauran ƙarfe da ribit.

Da ribit ba a buƙatar lantarki. Ƙusa mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ta silba ko ta tagulla, a bar tsawon da ya leƙo ya kai kaurinta sau ɗaya da rabi, ramin kuma ya yi nesa da baki da kaurinta sau biyu. Da walda kuwa, ta agon ce ta dace, da sandar 308L, wajen amp 40 zuwa 60 ga falle na 1.2 zuwa 1.5. A ɗiɗɗiga kowane santimita 2 zuwa 3 kafin a ja layi, domin silba yana buɗewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe kuma yana murɗewa. A sa guntun jan ƙarfe a bayan ɗinkin, in ba haka ba bayan zai ƙone ya yi burtsi-burtsi. Waldar sanda ta bakin titi huda siririn falle take yi, kuma idan aka yi da sandar baƙin ƙarfe ɗinkin zai yi tsatsa. Hayaƙin waldar silba yana ɗauke da nau'in kuromiyam mai jawo sankarar huhu, a yi ta a fili da takunkumin da aka yi don hayaƙi.

Raunin hanyar yana wurin haɗin. Sai bakunan sun haɗu ba tazara, wanda ke nufin a fara fitar da fasalin da kwali a gwada a kai, tare da barin wurin soso ko auduga na ciki.

Kayan da kowace hanya ke buƙata

Yanka: almakashin hannu yana tsayawa a wajen 0.8. Giranda da siririn faifai na milimita 1 wanda aka rubuta wa INOX tana yanka komai. Almakashin tebur na Beverly, samfurin B2, yana yanka silba har geji 14 kuma yana bin lanƙwasa, sai dai tsada. Huda: bakin dirila mai kobal, juyi a hankali, ƙasa da 1000 a minti ga milimita 4, da danna mai ƙarfi da ɗigon mai. Idan aka bar bakin yana shafa ba ya ci, wurin zai taurare ya kashe shi. Kada a goge silba da burushin waya ko faifan da ya taɓa baƙin ƙarfe, ɓurɓushin da ya maƙale shi ne zai yi tsatsa. Bakin kowane faranti a yi masa kalmasa, yana ƙara ƙarfi kuma ba ya yanka riga.

| Hanya | Kuɗin farawa | Kuɗin kullum | Ƙarko | Koyo | Zurfi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Rami | kaɗan | babu | itace na ci, ƙarfe na daɗewa | sauƙi | matsakaici | kunne, gwiwar hannu |
| Turke | kaɗan | gas na laushi | ba ya mutuwa | wuya sosai | kowane iri | tsagewar aiki, gajiya |
| Wuta | matsakaici | mai yawa | tiyo da baki na lalacewa | matsakaici | kowane iri | ƙuna, gobara, tsatsa daga baya |
| Taya | mai yawa | babu | shekaru | matsakaici | kaɗan | yatsa |
| Jak | matsakaici, da kuɗin kowane curi | kaɗan | jak na son gyara | sauƙi | matsakaici | abin da ya kuɓuce |
| Rabawa da haɗawa | kaɗan da ribit, mai yawa da agon | ƙusa ko gas da lantarki | mai kyau | sauƙi zuwa matsakaici | kowane iri | hayaƙi, rauni a haɗi |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai farawa da ke son kwalkwali ɗaya da murfin kafaɗa don hawa: rami, ƙwallon daɓe, 304 mai kaurin milimita 1, da ribit. Ya raba kwalkwalin gida huɗu. Maɗauran ma wurin ado ne, tagulla a kan farin silba tana fitowa da kyau daga nesa. Ya kuma yi wa cikin shafi mai kauri, don ƙarfe a ranar sallah da hantsi ba ya tausayin kai.

Wanda aka ba kwangilar kayan tawaga ko na fim, guda ashirin ko talatin iri ɗaya: jak da curi biyu ko uku, geji 20, ya kai haɗin wurin mai waldar agon maimakon ya sayi injin. Idan kayan na kwana uku ne a gaban kyamara, 201 ma ta isa, muddin siffar ba mai zurfi ba ce.

Mai gyaran jikin mota da ke son ƙara wannan a sana'arsa yana da rabin kayan da hannun daɓe tun tuni. Taya ce za ta fi yi masa amfani, don za ta yi farantin ƙirji yau, gobe ta koma kan ƙofar mota.

Mai ƙera wa 'yan wasan faɗa, inda gatari mara kaifi ke sauka a ka da gaske: kwalkwali na milimita 2 zuwa sama, ko rabi biyu da aka lotsa da jak aka haɗa da agon ciki da waje, ko tayarwa da wuta. A auna kaurin tsakar kan bayan an gama goge, ba kafin a fara ba.

Wanda burinsa kwalkwalin falle ɗaya irin na gidajen tarihi, turke da wuta ne kaɗai za su kai shi, kuma ya kamata ya tambayi kansa ko silba yake so da gaske, tunda na asalin da baƙin ƙarfe aka yi su, ana shafa musu mai. Inda babu tabbacin lantarki kuwa, rami, turke, taya, jak da ribit duk suna aiki ba tare da shi ba, giranda da dirila ne kawai za su jira a tayar da janareta.